Yaye: Kalmar da Jami'a ta Aro daga Ɗakin Uwa

Sa'ad da jami'o'i suka kafu a ƙasar Hausa, aka buƙaci sunan da za a kira ranar da ɗalibi yake kammala karatu a miƙa masa takardar shaida, harshen Hausa bai ƙago sabuwar kalma ba, bai kuma ari ta Turawa ba, sai ya koma ɗakin uwa ya ɗauko wadda ya daɗe yana amfani da ita ga jaririn da aka raba da nono, ya ce bikin yaye ɗalibai. Turawa sun samo tasu kalmar daga gradus ta harshen Latin, wadda ke nufin taki ko matakala, kuma daga wannan tushen ne kalmar digiri ta fito, don haka a wurinsu wanda ya gama jami'a mutum ne da ya hau wani mataki. Makarantar allo kuwa cewa take yi an yi sauka, wato ɗalibi ya bi Alƙur'ani sura bayan sura har ya kai ƙarshe, a zayyana masa allo, a yi walima. Tsakanin mai hawa da mai sauka, Bahaushen zamani ya zaɓi wanda aka yaye, kuma zaɓin nan ya fi sauran biyun bayyana abin da ke jiran matashin da ya karanta kimiyya ko injiniyanci ko lissafi, ya komo gida Rikoto ko wata unguwa ta garin Zuru da digirinsa a jaka.

Yaye a al'adar Hausawa aiki ne na ƙauna da ake yinsa da ɗan tauri. Idan yaro ya doshi shekara biyu, ya iya tafiya, haƙoransa sun fito, sai a shafa wa nono wani abu mai ɗaci domin ya ƙyamace shi, ko kuma a ɗauke shi a kai shi wurin kakarsa ya yi kwanaki ba ya ganin mahaifiyarsa, ana lallashinsa da kunu da fura har ya saba da abincin manya. Yaron yakan yi kuka da dare, uwar ma takan yi nata kukan a ɓoye, amma babu wanda ke ganin an zalunce shi, domin kowa ya san cewa nonon da ya raya shi jiya ba zai ƙara ɗaukar jikinsa ba gobe. Wannan shi ne hoton da kalmar ke ɗauke da shi idan an faɗe ta a filin taron jami'a, ko da masu alkyabba da hular yaye ba su tuna da shi ba: daga yau babu malamin da zai tace ilimi ya ɗura wa ɗalibi a baki, babu jadawalin da zai gaya masa abin da zai karanta a zango mai zuwa, kuma kuɗin da iyaye ke turowa duk wata yana gab da tsayawa. Abin lura kuma shi ne ba a yaye yaron da ba shi da lafiya ko wanda bai yi ƙwari ba, saboda haka a cikin kalmar akwai shaidar cewa an duba an ga zai iya.

Kalmar tana da wata fuskar da ta dace da masu nazarin halitta fiye da kowa. Ana yaye labule, ana yaye mayafi, hazo yakan yaye bayan hunturu, mai addu'a kuma yakan roƙi Allah ya yaye masa damuwa; ma'anar duka ita ce kawar da abin da ya lulluɓe wani abu har a gan shi a fili. Wanda ya shafe shekara huɗu yana leƙen ƙwayoyin cuta ta madubin ƙara girma, ko shekara biyar yana auna nauyin da ginshiƙin kankare zai iya ɗauka kafin ya tsage, ya koyi sana'ar yaye lulluɓi ne, wato ƙin yarda da abin da aka ji har sai an gwada an gani. Hausawa sun riga sun ce gani ya kori ji, kuma da wuya a sami taƙaitaccen bayanin hanyar binciken kimiyya da ya fi wannan karin maganar daidaito.

Ƙasar Zuru ta san yaye tun kafin ta san jami'a. A al'adar Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, saurayin da ke neman aure yakan shiga golmo, wato noman da yake yi wa surukinsa tare da tsararrakinsa har na tsawon shekara bakwai, kuma bikin Uhola da ake yi bayan girbi ya haɗa abu biyu a wuri ɗaya: godiya ga Ubangiji saboda amfanin gona da lafiyar da aka samu, da kuma shaida ga samarin da suka kammala wannan doguwar hidima. Jama'ar da ta saba auna balagar namiji da shekarun da ya jure a bakin kunya ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani kan dalilin da ya sa karatun likita ke cin shekara shida. Wannan juriyar ce ta sa yankin ya yi suna a aikin soja, har ana danganta sunan Dakarkari da kalmar dakaru ta zamanin Kanta na Kabi, kuma daga nan ne aka sami hafsoshi irin su Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Manjo Janar Tanko Ayuba da ya yi gwamnan soja a Kaduna, da Manjo Janar Muhammadu Sani Sami da ya mulki Bauci kafin ya hau gadon sarautar Zuru. Shekaru da yawa bariki ce babbar ƙofar da ɗan talakan wannan yanki yake bi ya fita duniya. Yanzu an buɗe wasu ƙofofin: jihar Kabi, wadda aka cire daga Sakkwato a 1991, ta kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, gwamnatin tarayya ta buɗe tata a Birnin Kabi a 2013, sannan a 2020 aka ɗaukaka tsohuwar Kwalejin Aikin Gona ta Zuru zuwa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya, ta yadda ɗan Rikoto zai iya yin digiri ba tare da ya bi doguwar hanyar Sakkwato ko Zariya ba.

Godiya, wadda ita ce kalmar da aka fi ji a ranar yaye, tana cikin kalmomin da Musulmi da Kirista na Zuru suka yi tarayya a kansu ba tare da gardama ba. Ana faɗinta a walima bayan an yi addu'a, ana faɗinta a sujadar godiya ranar Lahadi, har ma ana raɗa wa 'ya mace suna da ita. Sai dai a Hausa godiya ba ta cika da faɗin na gode kawai. Karin maganar da ke cewa yaba kyauta tukwici yana nuna cewa wanda aka yi wa alheri yana da abin da zai mayar, ko da ƙarami ne, kuma kishiyar godiya, wato butulci, tana cikin munanan sunayen da ake iya kiran mutum da su. Idan aka bi diddigin waɗanda digiri ɗaya ya ci guminsu, za a tarar jerin ya wuce uwa da uba: akwai buhunan dawa da na wake da aka kai kasuwa tun farashi bai tashi ba domin a biya kuɗin rajista, akwai akuyar da aka sayar, akwai kuɗin adashen da wata gwaggo ta ɗauka ta miƙa, akwai yayan da ke aikin ɗamara a wani gari mai nisa yana yanko wani abu daga albashinsa. Akwai kuma malamin firamare da ya fara koya wa yaron jadawalin sau, wanda ba a gayyatarsa bikin, da ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje da ya nuna masa yadda ake riƙe kwalbar asid, wanda sunansa ba ya shiga shafin godiya na kundin bincike sai nadiran. A wannan shafin ɗalibai sukan cika layi da sunayen shugabannin sashe da manyan furofesoshi, abin da ba laifi ba ne, amma yana nuna cewa godiya ma takan bi inda muƙami yake.

Godiyar ba ta tafiya ta gefe ɗaya, domin su ma waɗanda aka yaye sun cancanci a gode musu. Wanda ya shiga jami'ar gwamnati a ƙarshen shekarun 2010 ya ga yajin aikin malaman jami'o'i na 2020, wanda ya haɗu da annobar korona ya cinye kusan wata tara, ya kuma ga na 2022 da ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ta yadda karatun shekara huɗu ya zama na biyar ko shida. Wanda ya yi sakandare a kudancin Kabi kuwa ya yi ta ne cikin fargaba, musamman bayan 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021, kuma ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba sun sha hare-haren da suka hana iyaye da yawa noman da suke biyan kuɗin makaranta da shi. Yarinyar da ta ratsa duk wannan ta fito da digirin ilimin sinadarai ta yi wa unguwarsu wani aiki tun kafin ta sami aikin albashi, domin ta zama hujjar da wata uwa za ta kafa idan an ce a cire 'yarta daga makaranta.

Sunayen fannonin da waɗannan matasa suka karanta kusan dukkansu baƙi ne a Hausa, kuma kowannensu ya shigo da kayansa na asali. Kimiyya daga Larabci take, inda kalmar ke nufin tsohuwar sana'ar masu neman juya ƙarfe maras daraja ya koma zinariya, kuma daga ita ne Turawa suka samo sunan ilimin sinadarai. Hausa ce ta faɗaɗa ta har ta rufe nazarin taurari da tsirrai da lantarki gaba ɗaya. Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, don har yanzu akwai masu ɗaukar kimiyya a matsayin gajeriyar hanyar arziki, amma abin da ya faru a maƙwabciyar jihar Zamfara a 2010 ya nuna ainihin amfaninta. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum mutane sun riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gida suna niƙawa, ƙurar da ke tashi kuwa cike take da dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara, har yara fiye da 400 suka rasu. Ba a gane musabbabin mace-macen ba sai da aka auna jinin yaran da ƙasar tsakar gidajen, kuma maganin ya haɗa da kankare gurɓatacciyar ƙasar a zuba sabuwa, da ba yaran ƙwayoyin da ke kama dalma su fitar da ita ta fitsari. Masu haƙar zinariya suna nan a wasu sassan Kabi, kuma wanda zai iya auna ruwan rijiya ya gaya wa mai gari abin da ke cikinsa ya fi wa jama'a amfani bisa wanda ya gano sabon rami.

Lissafi ma daga Larabci yake, daga al-hisab, sai harshen Hausa ya haɗiye harafin farko ya manne na biyu da jikin kalmar, kamar yadda ya yi wa littafi da lahira. Daga baya kuma ya sake aro kalmar a siffar hisabi ya keɓe ta ga ranar da za a tambayi kowa abin da ya aikata. Injiniyan da ke lissafin yawan rodin da za a saka a gada yana tsaye ne a tsakanin kalmomin biyu, domin idan ya rage rodi saboda ɗan kwangila ya matsa masa, lissafin da ya karkatar zai koma hisabi a ranar da ambaliya ta zo. Fannin ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan hatimai, wato murabba'an da ake jera lambobi a cikinsu ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya, kamar mai gida tara wanda kowane layinsa ke tashi 15. Masu tarihin lissafi na duniya suna ambatonsa har yau, amma da wuya a sami ɗalibin sashen lissafi a Arewa da aka taɓa faɗa masa sunan a aji.

Fasaha ce ta fi ban sha'awa a cikinsu. A Larabci ma'anarta iya magana ce, wato fitar da zance a sarari ba tare da sarƙewa ba, kuma Hausa ta fara amfani da ita ga mawaƙi da marubuci da mai gwanintar hannu kafin ta ɗora ta a kan injuna da kwamfuta. Wannan tarihi yana ɗauke da wani sharaɗi da jami'o'i ba su cika kula da shi ba. Ɗalibin aikin gona yana koyon komai da Turanci, yana rubuta jarrabawa da Turanci, sannan a tura shi wurin manomin da ke jin Hausa da C'lela, harshen Lelna, kawai. Idan bai iya bayyana masa cewa lambobi uku da ke jikin buhun takin zamani suna nuna kason sinadarai uku ne, na farko mai sa ganye ya yi kore, na biyu mai ƙarfafa saiwa, na uku mai taimaka wa tsiro ya jure cuta ya cika ƙwaya, to iliminsa ya tsaya a takarda. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar da ire-iren dawa da masara da wake masu yawa, har da waken da aka amince da shi a 2019 mai jure tsutsar da ke huda kwanso, amma iri ba ya kai kansa gona. Sai an sami wanda zai tsuguna a gindin bishiya ya yi bayaninsa da harshen da mai garma zai gamsu. A nan ne tsohon zargin da ke cikin kalmar boko yake dawowa. Masanin harshe Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalmar ba daga sunan littafi na Turanci ta fito ba, asalinta Hausa ce, kuma tana nufin abin da aka yi don yaudara ko wanda ba na ainihi ba, kamar amaryar boko da ake fitarwa a madadin ta gaskiya. Injiniyan lantarkin da bai iya gyara wayar gidansu ba yana tabbatar da wannan zargi, wanda kuwa ya haɗa wa asibitin ƙauye sola har firjin allurar rigakafi ya kwana da sanyi yana rage masa ƙarfi.

Idan Bahaushe zai ba mutum ƙwarin zuciya, gwiwa yake nufa: yana ƙarfafa masa gwiwa, kamar yadda yake cewa gwiwar wanda ya karaya ta yi sanyi, ko an kashe masa gwiwa, kuma idan mutane suka haɗu kan aiki ɗaya sun yi haɗin gwiwa. Gwiwa gaɓa ce ta tashi da tafiya da ɗaukar kaya, ita ce kuma abin da ake dubawa kafin a yaye yaro, don ba a cire nono daga bakin mai rarrafe. Saboda haka ƙarfafa gwiwa ya bambanta da daɗin baki. Mai daɗin baki zai ce wa matashin duniya na jiransa, alhali abin da ke jiransa shi ne shekara guda ta hidimar ƙasa, wadda aka kafa a 1973 kuma bakin jama'a ya raɗa mata bautar ƙasa, sannan neman aiki a ƙasar da masana'antunta ba su kai yawan masu digirinta ba. Likita sai ya yi shekarar koyon aiki a asibiti kafin a sake shi, injiniya sai ya tara shekarun gogewa kafin majalisar da ke kula da sana'ar, wadda aka kafa a 1970, ta yi masa rajista. Mai ƙarfafa gwiwa na gaskiya yana faɗin wannan duka, sannan ya nuna wanda ya bi hanyar ya wuce. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya karanta zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kabi, ya sami tallafin karatu daga gwamnatin jiharsa ya tafi Detroit a Amurka, ya shiga kamfanin General Motors inda ya zana siffar motar Chevrolet Volt mai aiki da lantarki, daga baya kuma a 2017 ya komo ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya. Ba kowa ne zai kai Detroit ba, kuma misalin mutum ɗaya ba ya zama alkawari ga dubu, amma ya isa ya nuna cewa ajin da ke Birnin Kabi yana iya zama mafarin irin wannan tafiya.

Mafi yawan waɗanda aka yaye daga Zuru aikinsu zai kasance kusa da gida, kuma matsalolin da ke jiransu suna da sunayen Hausa tun kafin a ba su na Latin. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ciyawa ce mai jan fure da ke manne wa saiwar dawa da masara a ƙarƙashin ƙasa tana tsotse musu ruwa da abinci, ta yadda kafin manomi ya ga furenta ta riga ta gama ɓarna. Tsiro ɗaya yana zubar da dubban 'ya'ya ƙanana kamar ƙura, waɗanda ke iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma suna jiran saiwar hatsi ta kusanto su. Manomin Rikoto ya san ta sarai, ya san ta fi son gonar da ta gaji, ya kuma lura tana raguwa inda aka zuba taki ko aka juya shuka. Abin da 'yarsa mai digiri za ta ƙara masa shi ne dalili: ƙwayar ƙuduji ba ta tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwa ke fitarwa, kuma waken suya da gyaɗa da auduga suna fitar da irinsa ba tare da ƙudujin dawa ya iya kama su ba, don haka idan aka shuka su sai ƙwayoyin su tsiro su rasa abin kamawa su mutu. Uban yana da shekara arba'in na lura, 'yar tana da shekara biyar na gwaji, kuma gonar da za su tsaya a kanta su yi wannan zance ita ce wadda aka sayar da dawarta aka biya kuɗin makarantar.